Mutumin da Yake Juya Baya Ranar Girbi

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da mai gona da mai noma masa ita. A ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 1963, makonni biyu da 'yan kwanaki bayan ƙaramar salla, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mbah Sontodimejo, wato Kaka Sontodimejo, wakilin gandun gidanmu, a ɗakinsa da ke bayan rumbu a ƙauyen Kedungsari, kudu da birnin Solo. Babu wanda ya san shekarunsa daidai. Shi yana cewa tamanin da uku, jikokinsa suna cewa ya rage. Ya rasu saura kwana huɗu a yanke shinkafa, aikin da bai taɓa wuce shi ba tun kafin a haife ni.

Ni ce Raden Ayu Sumarsih, wadda ta rage a wannan tsohon gida daga cikin zuriyar masu shi. An so in ce wani abu a wurin addu'ar bakwai, na miƙe, bakina ya ƙi buɗewa, na koma na zauna. Shi ya sa nake rubutawa. Na gaji, Mbah, gajiyar da barci ba ya magani, amma akwai maganar da ba ta kamata ta bi ni kabari ba.

Ka karɓi aikin daga hannun mahaifinka a 1904. A lokacin kakana yana riƙe da ƙauyuka huɗu, waɗanda fada ta ba shi a madadin albashi, kamar yadda ake yi wa manyan 'ya'yan sarauta. Kakana bai san inda iyakar ƙasarsa take ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Yana zaune a birni da kurciyoyinsa cikin keji, yana sauraren kukansu. Abin da ya sani shi ne, sau biyu a shekara, da Mauludi da azumi, za ka iso da amalanken shanu, ka durƙusa tun daga bakin zaure, ka ja gwiwa har gabansa. Amfanin gona kashi biyar ake yinsa: ɗaya naka, biyu na manomi, biyu namu. Mu da muke cin biyun, da za a ajiye mana shukar shinkafa da ciyawa a faranti ɗaya, ba za mu bambance su ba.

Da mahaifina ya gaji gidan, sai ya ga jiran amalanke ya yi masa nisa. Ya ba wani kamfanin sukari na Turawan Holan hayar ƙasar, suna biyansa a dunƙule, ya sayi keken doki mai fitilu. Aka raba gonakin kowane ƙauye biyu, rabi rake, rabi shinkafa, ana musanyawa. A takarda abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa rake yakan zauna fiye da shekara, ya ƙi tashi sai lokacin dashen shinkafa ya wuce, sannan a mayar wa mutane gona cike da kututture da ramuka. Ga kuma kwanakin aikin tilas da ke kan kowane magidanci. Kai ne kake buga gangar itace da sassafe a fito. Kai ake zagi a cikin ɗakuna. Sunan mahaifina kuwa ba a ambatonsa sai da sunkuyar da kai.

Ba zan wanke ka ba, domin kai ma ba ka taɓa wanke kanka ba. A 1911 wani manomi mai suna Pawiro ya ƙi fitowa aikin rake sau uku, yana jinyar matarsa. Baturen gona ya kai ƙara, mahaifina ya aiko da kalma ɗaya, kai kuma ka je da hannunka ka tumɓuke turakun gonarsa ka ba wani. Pawiro ya sa hannu a takardar ƙwadago, aka tafi da shi Sumatra, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar mata marar lafiya da 'yar yarinya, Sakinem, wadda yanzu duk ƙauyen ke kira Mbok Sakinem, wato Inna Sakinem. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa gaishe ka da fara'a ba, kai kuma ba ka taɓa neman ta yi ba.

Abu ɗaya ka riƙe, ka hana kowa taɓawa, shi ne girbi. A wurinmu idan shinkafa ta nuna, ba a hana kowace mace shiga gona. Ta zo da 'yar wuƙarta da ke ɓuya cikin tafin hannu, domin tsofaffi sun ce kada shinkafa ta ga ƙarfe ta tsorata, ta bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Da yamma kowa ta jera dammunanta, ɗaya cikin shida nata ne, ita kuma take zaɓa. Kowa ya san damin da mace ta ɗaure wa kanta ya fi sauran ƙiba. Wasu wakilan suna tsayawa da sanda suna kwance dami suna daidaitawa. Kai kuwa da zarar an fara zaɓe, sai ka hau jinga, ka ba su baya, ka fiddo ɓawon masara ka fara naɗa taba. Ban taɓa ganin tabar da ke cin lokaci wajen naɗawa kamar taka ba.

Ina 'yar shekara tara mahaifina ya zo girbi, karo ɗaya tak a rayuwarsa, ana riƙe masa laima. Ya ga abin da kake yi, ya sa aka kira ka.

"Sonto, me kake kallo a can da ya fi shinkafata?"

"Dutse nake kallo, Ndoro, ranka ya daɗe. Ina duba ko hadari zai haɗo."

"Suna kwashe ni a bayanka!"

"Suna ɗaukar ladan dashe ne, Ndoro, da na cirar ciyawa, da na mazajensu da suka gyara madatsa ruwa ya kai musu wuya. Idan aka ce mu biya wannan da kuɗi, keken dokin nan ma sai mun sayar."

Mahaifina ya yi tsaki ya koma cikin keke. Ni kuwa na tsaya ina leƙen fuskarka, na ga ko hadarin ba ka kallo, idonka a rufe yake.

Sai abubuwa suka shiga zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wajen 1918 gwamnati ta soke tsarin ba 'ya'yan sarauta ƙauyuka, aka maye mana da kuɗin wata, muƙaminka ya mutu. Ƙauyuka huɗu suka tafi, aka bar mu da Doguwar Gona kaɗai, hekta goma sha biyu, domin kakata ce ta saye ta da zinarenta. An ba ka 'yar gonar fansho, kana iya zama ka huta. Washegari sai ga ka a bakin zaure, ka ce ka zo ka ji abin da za a shuka. Da farashin sukari ya karye bayan 1930, kamfani ya rufe injinsa ya bar mana gonar kamar an yi yaƙi a cikinta. Ba mu da ko sisin ɗaukar 'yan ƙwadago. Ka bi gida gida, mutane suka fito da ɓaunayensu na noma da garma, cikin wata biyu aka baje ta. A zamanin mamayar sojojin Japan, da suke kwashe shinkafa ana cin busasshen rogo, na dawo gidan nan da takaba da 'ya'ya biyu. Ban tambaye ka inda kake samo abin da muke ci ba, ina jin tsoron amsar.

Bayan samun 'yanci, lokacin da ake farautar gidaje irin namu, samari suka zo da mashin gora da tuta wata rana da azahar, za su ƙone rumbu. Ni ina cikin ɗaki. Na leƙa ta taga, sai na ga mata kusan talatin zaune a ƙofar rumbun suna sussuka, kamar ba abin da ke faruwa. Mbok Sakinem ta dubi jagoransu sama da ƙasa.

"Kai, ba ɗan Wagiyem ba ne? Kai da na sha goya ka kana yi mini fitsari a baya? To ƙona mana. In ka ƙone, bana sai ka dafa tutar ka ci."

Suka yi ta ihu na ɗan lokaci, suka rubuta wani abu a bango, suka tafi. Na daɗe ina yaudarar kaina cewa ƙaunarmu ce ta sa matan suka yi haka. Kai ne ka gyara mini tunani, ka ce, "Ba gidanku suka tsare ba, Ndoro. Girbin baɗi suka tsare."

Yanzu na zo wurin da alƙalamin ke yi mini nauyi.

Dokar ƙasa ta 1960 ta ce a yankinmu ba mai riƙe fiye da hekta biyar, wanda kuma ba ya zaune a wurin ba shi da ko taku ɗaya. Kwamiti ya zo ya auna, ya kafa turaku masu jan fenti, ya ce bayan wannan girbi za a raba. A cikin azumi yayana, Kangmas Suryo, ya zo daga Semarang da mota, tare da wani ɗan kasuwa, Pak Citro, mai sayen shinkafa tun tana tsaye a gona. Shi yana zuwa ne da mazajensa ashirin da lauje, su share gona cikin kwana uku, ya biya su kuɗi, ba mace ko ɗaya da za ta shiga.

"Diajeng, ƙanwata, wannan ne girbi na ƙarshe," yayana ya ce da ni. "Za ki bar mata ɗari uku su tattake shi, su tafi da kusan rubu'i? Dubi rufin nan, gara ta cinye shi. Kina kwana da kwanoni shida kina tarar ruwa. Sarauta kike yi ko wanki?"

"Mbah fa?"

"Mbah ya tsufa. Ki ba shi sabon zani, ki ce an gode."

Na sa hannu. Ba zan ɗora wa yayana ba, bai kama hannuna ba. Na gaji da kwanonin, na gaji da zama mai gidan da ba shi da komai sai suna, na so sau ɗaya in ga abu ya shigo gaba ɗaya ba a gutsure shi ba. Aka karɓi kafin alƙalami, yayana ya ɗauki rabonsa ya koma. Ni kuma na kasa gaya maka. Ranar salla ka zo gaisuwa, ka ce shinkafar bana ta yi kyau, ka riga ka zaɓi Litinin ɗin da za a yi girbi. Na miƙa maka shayi, na yi maganar ciwon gwiwata.

Ka gane ne da ka ga mutanen Pak Citro suna zagaya gonar suna ƙirga taku, suna murza zangarniya a tafin hannu. Ka zo da la'asar. Shekara ashirin ina roƙonka ka zauna a kujera, ba ka taɓa yarda ba, ran nan ma a ƙasa ka zauna, ka ajiye sandarka a gefe. Na shirya wa faɗa, na tanadi hujjoji. Ba ka ba ni damar amfani da ko ɗaya ba.

"An sayar, Ndoro?"

"An sayar, Mbah."

"To. Matan sun wasa wuƙaƙensu. Wa zai gaya musu?"

"Ni zan gaya musu."

"Ranki ya daɗe, a yi kafin Juma'a. Wasu suna aika wa 'ya'yansu da ke aure a nesa su zo. Kada su yi asarar kuɗin mota."

Wannan ne kaɗai abin da ka roƙa cikin shekara hamsin da tara. Juma'a ta zo ta wuce ban fita ba. Kullum sai in ɗaura zani, in kai bakin ƙofa, in ga ana yayyafi, in ce gobe. Sai aka ce zazzaɓi ya kwantar da kai, ƙirjinka ya cushe. Na aika da magani da romon kaza. Ban zo ba, ina jin kunyar idonka. Ranar Alhamis jikarka ta shigo tsakar gida ba ko sallama, na gane tun kafin ta yi magana.

Ranar addu'ar uku na tattara abin da ya rage mini na ƙarfin hali, na shiga bayan gida inda mata ke dafa abincin sadaka. Na ce ina da magana game da girbi. Babu wadda ta ɗago kai. Mbok Sakinem tana kankare kwakwa, ta ce, ba tare da ta tsaya ba:

"Mun sani, Ndoro. Ya riga ya gaya mana."

"Wa?"

"Wa kuwa? Tsohon. Juma'a da Asabar ya bi mu gida gida cikin ruwan nan, da sandarsa, har hayin rafi. Ya ce shi ya ba da shawara a sayar, ke kin ƙi, shi ya matsa. Ya ce mai zagi ta zage shi tun yana ji."

"Kuka zage shi?"

"Ni dai na zage shi, har ƙofa na raka shi da zagi. Ya tsaya ya saurara tas, sannan ya ce in ba shi ruwan zafi ya sha." Ta ajiye kwakwar. "Amma ban yarda ba. Na san hannunsa. Da ya tumɓuke turakun ubana ma cewa ya yi shi ne. Mutumin nan ya mutu bai iya ƙarya ba."

Na zauna a ƙasa, kan tokar murhu, da zanen makoki na. Ban taɓa zama a ƙasa a gaban matan ƙauye ba. Na ce ni ce na sa hannu, bai sani ba, bai ba da shawara ba, ni na yi alkawarin zuwa na kasa. Wata tsohuwa ta ce in tashi kada in ɓata zani. Wannan ne duk abin da aka ce mini, kuma ya fi zagi ciwo.

Washegari na hau keken haya na je gidan Pak Citro da 'yan kunnen lu'ulu'un mahaifiyata a ƙulle cikin hankici. Su kaɗai suka rage, na ajiye su ne domin likkafanina da sadakar kwana arba'in. Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya ɗaga su a rana ya jujjuya, ya ce ba za su fanshi gonar duka ba, ya riga ya ɗauki mutane, sai dai rubu'in da ke kusa da madatsa. Ya ce, "Ndoro, kin san asara za ki yi?" Na ce ai gidanmu mun ƙware a wannan, sana'ar gado ce.

Ranar Litinin, wadda kai ka zaɓa, aka yi girbi biyu a gona ɗaya. Can gabas maza ashirin da lauje suna ta zuba kamar masu aski. Nan kusa da madatsa mata sun fi ɗari biyu a kan hekta uku, kafaɗa na gugar kafaɗa, kafin la'asar sun gama. Abin da kowace ta samu bai kai na abincin mako ɗaya ba. Ba zan ce na gyara abin da na ɓata ba. Suka jera dammuna a kan jinga, sannan suka tsaya. Ba mai motsi. Na ɗauka wata addu'a ake jira, ina ta waige ina neman liman. Sai Mbok Sakinem ta ɗaga murya:

"Ndoro, mu fa ba ma iya zaɓe ana kallonmu."

Na hau jinga, na ba su baya, na fuskanci dutse.

"Juya da kyau, muna ganin gefen idonki! Ba ki da taba ne? Ku ba ta ɓawon masara ta riƙe!"

Aka fashe da dariya a bayana, dariyar farko da aka yi tun ranar Alhamis. Wata ta cusa mini ɓawon masara a hannu. Na tsaya ina murza shi, ina jin motsin dammuna da raɗa da gardamar wace ce ta fi haɗama. A nan na gane abin da ya sa kake rufe ido, Mbah. Mutum yana jin komai, har wadda ta ɗauki biyu. Na gode wa Allah da bayana aka sa na juya, domin fuskata ba ta kallo ba ce a lokacin. Da suka ce in juyo, gonar ta zama fili, matan sun yi nisa da kaya a baya. A wurin da ka saba tsayawa, an ajiye dami ɗaya, mafi ƙiba da na taɓa gani, ɗaurin hannun Mbok Sakinem. Na tambayi jikarka na wane ne. Ta ce an ce a kai gidanka, a dafa ranar arba'in.

Wata mai zuwa kwamiti zai raba gonar. Yayana ya rubuto in ɗaukaka ƙara, ba zan yi ba. An ce sunan jikan Pawiro yana cikin waɗanda za a ba, ina fata ya faɗo a ɓangaren madatsa, ya fi ruwa. Rufin kuma yana nan yana yoyo, na ƙara kwano na bakwai.

Ya Allah, ga bawanKa Sontodimejo ya zo maKa. Ka san abin da ya aikata da umarninmu, Ka san masu umarnin, kada Ka bar shi ya ɗauka shi kaɗai a can kamar yadda ya ɗauka a nan. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa. Ya kau da kai daga bayinKa a lokacin da suke ɗiban abin da za su ci, Ka kau da kai daga kurakuransa ranar da za a jera na kowa. Ka jiƙan Pawiro a duk ƙasar da ya kwanta. Ka jiƙan iyayena, Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarsa Mbok Rubinah, da jikokinsa da tattaɓa kunnensa, da matan Kedungsari da na hayin rafi, waɗanda suka fi mu saninsa, suka kuma fi mu rashinsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Raden Ayu Sumarsih
Kedungsari, 22 ga Maris, 1963